Farfaɗowa

A Mai Wurno, bakin Nilu,
inda Hausarmu ke yawo da jallabiyar Larabci,
na tarar da Gwoggo Tasalla tana tuƙi,
na ce: wane suna zan ba abin da ya sami Haladu?

Na ce sauyi. Ta ce na riga ne.
Na ce canji. Ta ce je ka kasuwar Sinnar,
can ake zuba shi a tafin hannu.
Juyi fa? Na waina ne.
Rikiɗa? Sai ta tsame muciya:
ɗan'uwan naka hawainiya ne?

Shekara biyu Haladu na gindin darbejiya,
tun da ramin zinariya can arewa
ya haɗiye abokansa uku, ya tofo shi.
Shayi ya huce a gabansa,
ƙudaje su sha rabonsu.
'Yarsa ta koyi tafiya
tana dafa shi kamar turmi.

Sai wata Talata, kafin assalatu,
muka ji tari daga bakin kogi.
Tsohon injin ban ruwan Baba ne,
wanda tsatsa ta gada kafin mu.
Tari, shiru, tari,
can sai ruwa ya kama hanyar kuɓewa.
Haladu ya shigo, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ce, "Akwai ɗumame?"

Gwoggo ta ce: farfaɗowa.
Ɓare ta kamar gyaɗa ka gani,
faɗuwa ce kwance a ciki,
far, faɗo, kamar sau biyu,
amma ka haɗa su a baki ɗaya, sai mutum ya tashi.
Wanda bai sha ƙasa ba
ba shi da rabo a cikinta.

Ban san ko masana za su yarda ba,
ita ba ta taɓa buɗe ƙamus ba.
Ta ce kakarta ce ta ɗauko kalmar a ka,
tare da ƙwarya da faifai,
a ƙafa, daga yamma, da niyyar Makka.
Makka ba ta samu ba, kalmar dai ta iso.

Ana faɗinta ga wanda ya suma aka yayyafa masa ruwa,
ga garwashin da ya kwana cikin toka,
ga kasuwa bayan ambaliya.
Ba a faɗinta ga sabon abu.

Har yau Haladu ba ya leƙa rijiya,
zagaye ta yake yi, ido a sama.
Bai taɓa ambaton ramin ba.
Amma jiya na gan shi a kan jaki,
kwando biyu na kuɓewa, 'yarsa a gaba,
yana musu da ita a kan sunan wani tsuntsu:
ita da Larabci, shi da Hausa,
kuma bai bar mata ba.