Bas Mai Lamba Tara

Na kashe inji a bayan zauren wasa, a Evansville.
Maris ya kama, sanyi bai ji labari ba.
Dabino uku a aljihu, shayi a fulas,
na sha ruwa a kan sitiyari, babu ladan,
sai ihun mutum dubu bakwai ta cikin bango.

Shekara goma sha huɗu nake jan yaran nan,
dogaye, gwiwarsu na dukan bayan kujera.
Na san barcinsu in sun ci wasa,
na san shirunsu in an ci su,
shirun da ko rediyo ba ya iya tsagawa.
Na san kowace kwana tsakanin gonakin masara,
da gidan man da Loretta ke ajiye mini kofi
tana zagin kocinmu da dariya,
don ɗanta na buga wa abokan gaba.

Daren yau kusa da na ƙarshe ne a gasar rukuni.
Wanda ya faɗi, ya naɗe tabarma sai baɗi.
Amma mu ba mu da baɗi a nan.
Manya sun zauna a ɗaki mai kafet,
sun ce rukunin ya yi mana kaɗan,
akwai wani can gabas, bakin teku,
inda talabijin ke zubar da dala kamar ruwan Agusta.
Daga kaka mai zuwa, jirgi ne zai kwashe su.
Jirgi ba ya tsayawa wurin Loretta.

Tsoho Orville, mai yanka tikiti tun kafin a haifi koci,
ya fito shan iska, ya jingina da ƙofata.
Ya ce, Tanimu, shekara sittin muna faɗa da mutanen ƙetaren kogi,
yanzu wa zan ƙi?
Na ce, mu a wurinmu zumunta a ƙafa take.
Ya ce, to gaba fa?
Na duba, ashe ita ma a ƙafar take.
Ba ka jin haushin wanda ba ka haɗuwa da shi a kanti.

Sai dai kada in cika baki.
Rufin ɗakin karatu na yoyo, na gani da idona.
'Yan matan ƙwallon raga a tsohuwar mota suke tafiya,
wadda hitarta ta mutu tun bara.
Kuma wa ya bar Funtuwa da jaka ɗaya
don an ce can gaba kuɗin ya fi kauri?
Ni ne. Ni ma na sauya rukuni.
Uwata ba ta hana ni ba, ta dai ce,
ka duba wanda zai zo maka jana'iza.

Usur ya tashi. Na leƙa ta ƙofar kaya.
Saura daƙiƙa huɗu, ana bin mu biyu.
Cedric, yaron da ke amai duk ranar da muka hau gada,
ya karɓi ƙwallo daga nesa, ya saki.
Ta daki ƙarfe, ta yi tsalle,
ta zagaya bakin kwando kamar mai neman shawara,
ta tsaya tana tunanin shiga ko fita.

Ta fita.

Mutanen ƙetaren kogi suka ɓarke da sowa,
sannan, ban san wa ya fara ba,
suka miƙe suna tafa wa namu.
Orville ya cire hula, ya ƙi kallon kowa.

Na koma na tada inji, na kunna hita,
don su tarar da kujeru da ɗumi.
Mil tamanin ne zuwa gida.
Zan bi tsohuwar hanya, a hankali,
in tsaya gidan mai ko tanki na cike.