Awa Ɗaya Zuwa Teku

A ɗakin sama, kan shagon sabulun Abu Jiryis,
mu uku ne da kwamfuta ɗaya mai tari.
Ghadir na zane, Mu'utasim na farautar sauti,
ni kuwa ina rubuta dokokin wata ƙasa
wadda ba ta fi faranti faɗi ba.

Wasan ba shi da wuya:
ka tada mota a Nabulus,
ka miƙe yamma,
ka isa teku.
Shi ke nan.

Mu'utasim ya ce, "Suhad, wa zai sayi wannan?
Ba bindiga, ba dodo, ba a mutuwa.
Yaran wasu ƙasashe hamma za su yi."
Na ce, su yi.
Wanda bai taɓa kwana da ƙishi ba
ina ruwansa da labarin randa?

Cikinmu ba wanda ya taɓa sa ƙafa a teku.
Muka cika baho, muka kaɗa da tafin hannu,
muka naɗi ƙarar a waya,
muka kai wa kakata Wasfiyya, haifaffiyar Yafa.
Ta kasa kunne, ta taɓe baki:
"Wannan wanki ne, 'yan nan.
Shi teku sai ya ja numfashi
kafin ya yi magana."
Mako uku muka ɓata
muna koya wa baho numfashi.

Ran da muka gama, na jawo babana,
Tahsin, shekara ashirin da shida a kan sitiyarin tasi,
mutumin da ya san kowane rami da sunansa.
Ya zauna kamar baƙo a gidan suruki.
Na nuna masa: nan mai, nan birki.
Ya wuce kasuwa, ya wuce makarantata,
zaitun na gudu a dama da hagu,
har ya soma 'yar fito.

Sai ga kwanar nan ta bayan gidan mai.

Ban sa komai a wurin ba, wallahi.
Ba shinge, ba hasumiya, ba fitila mai kashe ido,
kwalta ce kawai da ciyawa.
Amma babana ya taka birki.
Motar ta tsaya a tsakiyar babu kowa,
hannunsa ya tafi aljihun gaba
yana laluben katin shaida.

Na ce, "Baba, wuce. Hanya taka ce."
Ya ce, "Na sani."
Bai wuce ba.
Ghadir ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya yi.
Ashe shingen da na share daga taswira
ya daɗe da tarewa a ƙafarsa ta dama.

Can dai ya saki birkin.
Ƙasa ta gangara, sama ta buɗe,
bahonmu ya ja numfashi, ya yi magana.
Babana bai dubi ruwan ba, agogo ya duba.
"Awa ɗaya?" in ji shi.
"Duk shekarun nan, ashe awa ɗaya ce?"

Washegari ya dawo da fasinja:
kakata, da sandarta, da gyare-gyarenta,
wai ina masu lemo a bakin hanya,
wai shuɗin ya yi yawa, teku ba riga ba ne.
A kwanar ya sake tsayawa.
Dare na uku ma haka.
Na huɗu ya rage gudu kawai,
hannun ya tashi, ya fasa, ya koma kan sitiyari.

Ba mu 'yanta ko taku ɗaya na ƙasa ba, na sani.
Gobe da asuba zai shiga layin gaske,
ya kashe inji, ya jira a kira shi da yatsa.
Amma daren jiya Ghadir ta dasa ɓaure a kwanar,
da benci, da tulun ruwa a gindinsa,
don duk wanda ƙafarsa ta tuna, ya taka birki,
ya tarar da inuwa tana jiransa.