Kashi na Uku

A shagon cajin Tasi'u, bayan isha'i,
wayoyi arba'in na kwance a jere suna shan wuta.
Can a lungu akwai talabijin mai tsagaggen goshi
da hannun wasa biyu, ɗaya an ɗaure shi da robar taya.
Naira hamsin, minti goma.
Mu da ba mu da hamsin, bakinmu ne jarinmu.

Wasan na wani maharbi ne mai furfura
da ke bin masu shan jini lungu-lungu
a birnin da rana ta yi wa yaji.
Muna da kashi na ɗaya, muna da na biyu.
Na huɗu a kasuwar Gujungu aka tsinto shi
ƙarƙashin tiren mai batir.
Na uku fa, duk Harbo ba wanda ya taɓa sa shi a ido.
Rubutun da ke gudu a ƙasan allo kuwa
ba boko ba, ba ajami ba,
sai ka ce kaji sun yi tsere kan ɗanyen siminti.

To, labarin sai ya zama gonar gandu,
kowa da kunyarsa.

Muntari ya rantse maharbin na huɗu ɗan na farko ne:
“Ku dubi tabon goshin!”
Sagiru ya ce, “Yaushe aka fara gadon tabo?
Kai ɗanka da shatin faɗowa daga amalanke za a haife shi?
Mutum ɗaya ne. A na uku aka cije shi.
Shi ya sa in ya tsallaka gada
ruwa ba ya nuna fuskarsa.”
Muntari ya ce faifan ne ya karce.
Sati biyu ba su ci awara a faranti ɗaya ba.

Barira ta zo karɓar wayar innarta,
ta tsaya a bakin ƙofa, silifa ɗaya a waje.
“Ku duk mai kwari da baka kuke kallo.
Tsohuwar nan mai sayar masa da magani a ƙofar gari,
zanenta ɗaya tun kashi na farko.
Sarakuna uku sun mutu, ita ko tari.
Wa ke cin riba in ba a daina cizo ba?”
Ta karɓi waya ta tafi.
Muka yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi.

Baba Ɗanjuma, da ya yi shekara talatin yana farauta
kafin daji ya koma gonar riɗi,
ya daɗe yana kallo, haɓa a kan sanda.
“In ya kashe, wa ke cin naman?”
Muka ce ba a ci.
“Fatar fa?” Toka take zama, Baba.
“Ashe ba farauta ba ce. Gaba ce.
Ku bincika, akwai abin da kakansa ya ci bai biya ba.”

Nan janareta ya yi tari biyu ya mutu.
Shi ma ya shanye jinin aljihun Tasi'u.
Duhu ya rufe mu, na fadama suka iso da bushe-bushensu,
tas! na kai wa wuyana mari.
Jinin da ke tafina, ban san na waye ba a cikinmu.

Na tsaya taya shi naɗe wayoyi.
Da ya ɗaga akwatin kuɗi, hasken tocila ya faɗa
kan wani faifai a leda, ko ɓare shi ba a yi ba,
da lamba uku ja wur a bayansa.
Ya dube ni, na dube shi.
“Ranar da na saka wannan,” in ji shi,
“ɗaya zai yi gaskiya, sauran su tafi gida.”

Ya mayar da akwatin.
Gobe ina bayan Barira.