Makulli a Aljihun Baffa

Mangwaron gidanmu na Kwarbai
sau huɗu yana 'ya'ya
tun da aka kai Abba makwanci.
Sau huɗu Baffa Ilu yana cewa,
"A bari ruwa ya ɗauke."

Ruwa ya ɗauke, Galma ta janye.
An sare raken gonar bakin rafi,
a bakin mutane muka ji.
Shagon Sabon Gari a buɗe yake,
wani na awon shinkafa a ciki,
kuɗin haya sun san hanyarsu.

Baffa, ban ce ka yi sata ba.
Amana aka ba ka, ba gadon ba.
An biya bashi, an cika wasiyya,
me ya rage in ba lissafi ba?
Inna na jiran tumuninta
da ciwon ƙafa da takardar asibitin Shika.
Sadisun da kake cewa yaro ne
yau gemu yake tajewa.

Na turo Liman, ka ba shi goro.
Kunya ta ci min shekara huɗu,
ba za ta ci ta biyar ba.

Ran Litinin zan yafa mayafi
in tsaya gaban alƙali,
a kira ka da takardu,
a ƙirga, kowa ya riƙe nasa.
In mun fito zan durƙusa in gaishe ka.
Ƙanin ubana ne kai har gobe,
makullin ne dai ba naka ba.