Aron Kunne

Tun da kunnen Baba ya fara yi masa rowa
ni ke bin shi Sokoban ranar Talata.
Mota biyu daga Aboabo,
shi a gaba da guntun alli a aljihu,
ni a baya da kunnuwan da zai ara.

Maame Pokuwa ta san mu, ba ta ko tashi,
da haɓa take nuna rumfar baya.
Baba ba ya sayen ɗanye.
Ya ce itacen da bai gama takabar saiwarsa ba,
in ka ɗaura masa tsirkiya, ƙarya zai yi maka.

Ya ɗaga falle da yatsu biyu,
ya ƙwanƙwasa, ya dube ni:
"Shafa'atu, me ya ce?"
"Ya ce tuf, kamar an yar da tuwon jiya."
Ya ajiye.
"Wannan fa?"
"Wannan ya fara magana, bai ƙarasa ba."
Shi ake sa wa alli.

Maɗaci na baya da haƙarƙari da wuya,
kanya inda yatsu za su yi ta kai da kawowa,
fuska kuwa farin itacen nan mara nauyi
da Asantawa ke ce wa wawa.
Baba na dariya duk sanda ya biya kuɗinsa:
a garinmu, in ji shi, kyauta ake samunsu,
kuma ba su da murya irin wannan.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi
ba su zauna a shagonmu ba.
Bututun ƙarfe, garwashi a cikinsa,
ruwa a gwangwanin madara,
busasshen maɗaci ya sha, ya yi gumi, ya saki ƙugu.
Ɗaya dai ya karye ranar Alhamis.
Na ji ƙarar tun kafin tsagin ya fito,
na yi ihu, bai ji ba.
Ya daɗe yana kallon ɓarayin biyu a hannunsa.
Ranar ba mu ci waake tare ba.

Ruwan Kumasi ba ya shawara da kowa,
gam kuma ba ya kamu cikin laima.
Kwana tara muna jira.
Ya zauna yana fiƙe 'yan sandunan ciki,
waɗanda ba mai ganinsu in an rufe,
ya kankare, in saurara, ya sake kankarewa.
Sau ɗaya na gaji, na ce ya yi.
Ya ɗora katakon a ƙashin haɓarsa,
ya buga, ya lumshe ido,
ya ce, "Ke da Allah."
Muka ci gaba.

Shafe kuwa sai da tsumman tsohon zanen Inna,
hawa goma sha biyu, kowane da kwanansa,
har fuskar jitar ta fara nuna mini tawa.

Kwabena Ntim ya zo daga Bantama da cikon kuɗi,
saura sidi hamsin, wai sai ƙarshen wata.
Ya ja tsirkiya shida, ya kaɗa.
Tela na maƙwabta ya tsayar da keke.
Baba ya matso, ya shimfiɗa tafinsa a cikinta
kamar ungozoma.
Bai tambaye ni me ta ce ba.

Kafin a tafi da ita na leƙa ta ramin,
can inda yake manna 'yar takarda da ajami.
Shekara talatin suna ɗaya yake rubutawa.
Yau layi biyu ne:
hannun Mijinyawa,
kunnen Shafa'atu.

Na juyo, ya riga ya ba ni baya
yana neman tsintsiya,
yana mitar hamsin ɗin nan da ba za ta dawo ba.