Ranar Wankan Jirgi

A tashar Portosin, a ƙarshen gadar katako ta uku,
nan yake ɗaure, fari sol, jigonsa a tsaye,
filafilansa a naɗe kamar zanen gadon da aka goge.
Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin dare a asibiti,
ina tara kuɗin wannan rana.
Xurxo, mai jirgin, ya shafa gefensa ya ce,
"Ko ɗigo bai taɓa sha ba."

Na so in yarda.
Amma rabin abin da zan saya yana ƙarƙashin ruwa,
kuma ni ba na cinikin biri a sama.

Sunan safiyon jirgi uku aka ba ni.

Na farko surukin dillali ne.
"Kuɗina kaɗan ne, gobe takardarki ta fito."
Na ce, za ka sa a ɗaga shi daga ruwa?
Ya yi dariya har da tari.
Na ajiye wayar.

Na biyu ya zo daga Vigo, takalminsa na ƙyalli.
Jiragen dakon mai ya sani, ƙarfe da walda.
Da ya ga katako sai ya shiga duba agogo.

Ta uku, Sabela Outeiro,
ba ta ɗauki waya ba sai da rana ta faɗi,
kuma ita ta yi ta tambaya, ba ni ba:
Ina za ki da shi? Ke da wa?
Kin taɓa kwana a teku, iska na kaɗawa daga arewa?
Wa zai biya ni?
Na ce, ni.
"To ke kaɗai zan gaya wa abin da na gani.
Ki biya kuɗin ɗagawa.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ran Talata, ana yayyafi,
injin ya ɗaga shi cikin majanyu biyu,
ruwa na tsiyaya, gansakuka na reto a cikinsa.
Xurxo ya kawo mata kofi. Ta ce ta gode, ta sha a gida.
Ta fito da 'yar guduma mai gogaggen ƙota,
ta fara daga goshi.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.
Taku ɗaya, bugu uku, kai a karkace.
Awa biyu ba ta ce uffan ba.
Can wajen ƙashin bayan jirgin
sautin ya sauya, ya yi nauyi: dum.

Ban jira ta faɗa ba.
Na san wannan sauti.
Haka muke ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci
mu ji inda ruwa ya taru,
shi kuwa yana murmushi, yana cewa lafiyarsa lau.

Ta zana da'ira da alli.
Ta nemi izini ta zare ƙusa ɗaya.
Kanta lafiya, gindinta lafiya,
tsakiyarta tsatsa ta cinye ta koma kamar tsinken sakace.

Xurxo ya karɓa, ya juya ta a tafinsa,
ya zauna a kan gwangwanin fenti.
"A watan Agusta na fita da jikokina," ya ce,
ba da ni yake ba.
Sai a lokacin na gane bai yi mini ƙarya ba.

Rahoton shafi goma sha tara ne.
Babu inda ta ce saya, babu inda ta ce bari,
lissafin gyara ne kawai, da na watanni,
sai layi ɗaya da ta ja wa biro a ƙasa.

Yuro ɗari shida na biya
a kan jirgin da ban mallaka ba.
Ƙusar tana aljihun rigar ruwana,
takan soke ni idan na sunkuya.

Akwai wani a Muros, shuɗi, fentinsa ya koɗe.
Sabela ta ce Asabar,
in ruwa ya janye da wuri.