Baba, Zauna

A Oshodi aka fara gaya mini,
ran Talata, ana yayyafi.
Na shiga doguwar bas da ƙunshin shadda a hammata,
wani yaro mai waya a kunne ya miƙe:
"Baba, zauna."
Na waiga in ga baban da yake nufi.
Ba kowa a bayana sai ƙofa.

Na zauna. Gwiwa ta yi godiya,
zuciya kuwa ta yi ta fushi har Agege.

Da dare a teburin Ilu mai shayi
na baje zancen, kowa ya sa hannu.
Barau ɗan canji ya ce sittin,
nan gwamnati ke karɓe biro ta miƙa maka sanda.
Tanimu ya bushe da dariya.
Shekarunsa talatin da huɗu,
sha ɗaya a ƙarƙashin buhun albasa ya yi su.
Ya ce, "Ku shafa bayana ku ƙirga.
Kun riga ni zuwa duniya,
ƙashina ya riga naku gajiya."
Ilu bai tanka ba sai da ya gama sheƙa shayi:
"Tsufa? Ran da ka ce a rage maka sukari,
ba don tsada ba."

Ni ko shekarun ban riƙe daidai ba.
Inna ta ce da damina aka haife ni,
shekarar da aka bar fam da sule aka kama naira.
Katin ɗan ƙasa ya rage mini uku,
mai rubutun ya dube ni, ya sa abin da ya ga dama.
Da wanne zan tsufa,
na Inna ko na kati?

Allura ta fi su faɗin gaskiya.
Shekara talatin tana buɗe mini ƙofa ba gardama,
bana ta fara rowa.
Sai in kira Sagiru, yaron shago,
in ce hannuna da maiƙo.
Ya san ba wani maiƙo.
Ya zura zaren, ya miƙo, idonsa na ƙasa.
Allah Ya saka masa saboda rashin kallon nan.

Ga kuma Iya Risikatu da nake haya a gidanta,
ta ba tamanin baya,
kafin kiran assalatu tana bakin murhu.
Ranar biki ta kafa ɗauri kamar hasumiya,
ta taka har makaɗi ya nemi ruwa.
Ce mata tsohuwa,
ka sha Yarbancin da ba a koyarwa a makaranta.

Legas ba ta tambayar shekara, sauri take tambaya.
Za ka iya ɗare danfo tana tafiya?
Gadar sama ta Oshodi,
da can ban san yawan matakalarta ba.
Yanzu na sani,
na kuma san inda ake tsayawa
a yi kamar ana kallon motoci.

Jiya ina neman lambar mai kawo zare,
na bi ta kan Haladu,
ta kan Garba Direba, ta kan Yaya Asabe.
Uku da ba za su ƙara ɗauka ba,
kuma yatsana ya ƙi share su.
Da, in na je gida da salla,
ni ke zaga gari ina tuɓe takalmi.
Bara ina zaune a dakali
aka yi ta zuwa ana tuɓe mini.
Goron da na saya don manya
a aljihuna ya bushe.

To, Barau, riƙe sittin ɗinka.
Gobe in wani yaro ya miƙe
zan zauna ba waiwaye,
in karɓi jakarsa in riƙe masa a cinya.

Shaddar nan dai ta ango ce,
Juma'a za a zo karɓa,
kuma aikin wuyan ni zan yi shi da hannuna.
Sagiru, matso da fitila.
Zo ka zura mini zaren nan.